Amsa ga mai ƙaiƙayin man estirojin

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki jikina ya yi sanyi, kamar ni kika rubuta. Kin ce tun da kika fara shafa man estirojin, wato maganin da ke maye gurbin sinadarin mata a jiki, cinyarki ke ƙaiƙayi da ƙuraje, har kina tunanin dainawa. Kada ki yanke hukunci tukuna, ba lallai ne estirojin ɗin ne jikinki ya ƙi ba.

Ni bayan an cire min mahaifa da ƙwayaye a 2022 aka ɗora ni a kan jel ɗin estirojin. Gumin dare ya lafa, na samu barci. Sati na biyu wurin ya yi jawur, daidai faɗin inda nake shafawa. Ga zafin Afrilu, ga ba wuta. Ranar kamun 'yar yayata na kasa zama, zani ya manne da cinyata saboda ruwan da ƙurajen ke fitarwa. Na shiga banɗakin mutane ina ɓanɓare atamfa daga fatata ina kuka, mata na ta guɗa a tsakar gida. Wata a dangin maigida ta ce ai man bilicin ne ya ci ni, a gaban surukaina! Ni da ko hoda ba ta dame ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Da na koma asibiti wata nas ko duba wurin ba ta yi ba, ta ce na cika raki, ƙurajen zafi ne. Mai kemis kuma ya haɗa min man nan mai sitiroyid, ƙaiƙayin ya kwanta kwana uku ya dawo fiye da da. Don Allah kada ki bari a yi miki haɗi, kuma ki ajiye man zafi da su Dettol, ƙara cin fatar suke yi.

Likitar fata ce ta cece ni, Allah ya saka mata da alheri. Ta karɓi takardar cikin kwali ta karanta abubuwan da aka kwaɓa maganin da su. Don a gano abin da fatata ta ƙi, aka manna min 'yan filastan gwaji a bayana na awa 48, ba wanka a wurin, aka sake dubawa a kwana na huɗu. Ashe propylene glycol ne, ɗaya daga cikin abubuwan da aka kwaɓa jel ɗin da su, har a man gashina akwai shi. Aka canja min zuwa wani jel ɗin estirojin mai suna Oestrogel da babu shi, wata guda fatar ta warke, sai tabon baƙi. Wasu kuma alkohol ɗin jel ne ke ƙona su, masu liƙa filastar estirojin kuwa sau da yawa gam ɗin ne.

Irin wannan ƙaiƙayin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya fito, shi ya sa ake ɗora wa abinci ko sabulu laifi. Amma in leɓenki ko idonki ya kumbura, ko numfashi ya yi miki wuya, ki tafi asibiti a daren, ko a Adaidaita Sahu ne.

Ki ɗauki hoton wurin yau kafin ya bushe, ki tafi da kwalin da takardarsa wurin likitar da ta rubuta miki. Ki turo min hoton takardar ta akwatin sirri mu duba tare.