Tambaya da Amsa: Me Zan Rubuta Bayan Na Fito Daga Aji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗalibar NCE ce a sashen lissafi, ina koyarwar gwaji a wata firamare a Agege. Malamin da ke zuwa duba mu ya ce kullum mu rubuta waiwaye kan darasin da muka yi. Ni dai "darasi ya tafi lafiya" nake rubutawa. Anya ba ɓarnar takarda ba ce? Daga wata ɗaliba, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. In dai abin da kike rubutawa ke nan, ƙwarai ɓarna ce.

Ɗauko littattafan yaran. A ce kin ba su 52 a cire 38, yaro ya rubuta 26. Kada ki ja masa jan biro ki wuce. Wannan 26 ba daga sama ta faɗo ba: ya ga 2 ba ta kai 8 ba, sai ya juya ya cire 2 daga 8, ya kuma cire 3 daga 5. To, tambayi kanki, me kika furta a gaban allo? Malamai da yawa kan ce "ba a cire babba daga ƙarami", yaro kuwa ya riƙe maganar, ya guje wa aro. In ya shiga ƙaramar sakandare aka kawo lambobin ƙasa da sifiri, maganar nan za ta sake tare masa hanya. Alhali yaron nan, sa shi a gaban tumatir a kasuwar Mile 12, ko naira ɗaya ba zai ɓatar a canji ba, don shi ƙirgawa yake yi daga kuɗin kaya zuwa abin da aka miƙo masa. Irin wannan ake so ki rubuta: amsar da ta fi yawa, abin da ya haife ta, da abin da za ki sauya gobe.

Donald Schön, wani masani ɗan Amurka, a 1983 ya bambanta tunanin da ake yi ana tsakiyar aiki da wanda ake yi bayan an gama. Na biyun ne ake koya miki yanzu, shi zai haifar da na farkon.

Ki rubuta da zafinsa, ko a cikin danfo ne, cunkoson Legas zai ba ki lokaci har da ragi. Sannan ki roƙi abokiyar karatunki ta zauna a bayan aji ta sa ido kan yaran, ba ke ba, kamar yadda malaman Japan ke yi wa junansu. Gobe ki kira mai 26 ɗin nan, ki ce ya nuna miki yadda ya yi kafin ki gyara masa komai.