Tambaya da Amsa: Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Riƙa Liƙa Saƙo a BBS da Kanta

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai sha'awar tsofaffin na'urori. Na yi rajista a wani BBS irin wanda ake kira ta layin tarho. Ina so duk ranar Juma'a kwamfutata ta kira shi, ta liƙa sanarwar ƙungiyarmu, ta kashe waya, ba tare da na zauna a gabanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Na ji daɗin wannan tambaya, ɗan'uwa. Amma bari in fara da waɗanda ba su taɓa jin sunan BBS ba. Allon sanarwa ne na kwamfuta. Mutum ya girke kwamfuta a ɗakinsa, ya haɗa ta da layin tarho ta hanyar modem, na'urar da ke juya bayanan kwamfuta zuwa sautin da zai bi layin waya, jama'a kuma su riƙa kiran lambar da nasu kwamfutocin, su karanta saƙonnin da aka bari, su bar nasu. Na farko shi ne CBBS, wanda Ward Christensen da Randy Suess suka buɗe a birnin Chikago na Amurka a watan Fabrairun 1978. A wancan zamani yawancin irin waɗannan alluna layi ɗaya ne da su, idan wani na ciki sai ka haƙura ya fita. Ga kuɗin kiran nesa, ga kuma mai allon ya ƙayyade wa kowa mintocinsa na yini. Wannan takurar ce ta sa mutanen wancan zamani suka riga ka neman abin da kake nema, suka kuma samo hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce ka rubuta wa manhajar kira jerin umarni, ta riƙa kwaikwayon yatsunka. A cikin manhajojin kira, Telix na da yaren umarninta mai suna SALT, Procomm Plus na da ASPECT, a Linux kuwa akwai minicom, ko Expect wadda Don Libes ya fitar a 1990. Duk tafiyarsu ɗaya ce: jira ka ga kaza, sannan ka aika kaza. Manhajar ta tura wa modem ATDT haɗe da lambar waya, wato umarnin buga lamba da ya samo asali daga modem ɗin Hayes na 1981. Ta jira kalmar CONNECT. Idan BUSY ta gani, ta dakata ta sake kira. Ta jira a tambayi suna ta bayar, ta jira "Password:" ta ba da kalmar sirri, ta shiga zauren saƙonni, ta zuba rubutun, ta adana, ta fita.

A takarda abin gwanin sauƙi. A aikace kuwa nan ne ake shan wahala, domin manhajar ba ta gani, abin da aka faɗa mata kawai take jira. Yau mai allon ya ƙara wata sanarwa a bakin shiga mai cewa ka danna maɓalli kafin ka wuce, shi ke nan, manhajarka ta tsaya cik tana jiran abin da ba zai zo ba, waya na buɗe, mintoci na tafiya. Ko ƙarar layi ta cusa wani baƙon harafi a tsakiyar kalmar da ake jira. Ko lambobin launi na ANSI, ɓoyayyun alamomin da allon ke turowa don canza launin rubutu, su raba kalmar gida biyu, ido ya gan ta daidai amma manhaja ta kasa gane ta. Idan dai wannan hanya za ka bi, to kowane jira ka sa masa wa'adi, kamar daƙiƙa 30, in ya wuce a katse kiran. Ka shiga saitin asusunka ka kashe launi da tsayawar da allon ke yi bayan kowane shafi. Ka zaɓi editan da ke karɓar rubutu layi-layi, ka guji mai cika fuskar kwamfuta. Sannan ka sa ɗan jinkiri tsakanin layi da layi, don tsohon allo yakan zubar da haruffa idan aka ɗura masa da sauri.

Ni dai shawarata ka bi hanya ta biyu, wato ƙunshin QWK. Mark Herring ne ya ƙirƙiro shi a 1987 domin allunan da ke aiki da manhajar PCBoard, daga baya kusan kowa ya karɓe shi. Allon zai tattara maka duk sababbin saƙonni a fayil guda, ka sauke, ka kashe waya. Sai ka karanta a tsanake da manhaja irin su Blue Wave, ko MultiMail wadda har yanzu ana samunta. Amsoshinka da sababbin saƙonninka su kuma a ƙunshe su a fayil mai ƙarewa da REP. Kamar dai ka ɗaure wasiƙunka a ambulan ɗaya ka miƙa wa direba a tasha, maimakon ka tsare shi kana yi masa shifta.

Ka ga yanzu aikin jerin umarninka ya ragu ƙwarai: shiga, ɗora REP, sauke QWK, fita. Kuma ɗorawar da ZMODEM ake yi, ƙa'idar da Chuck Forsberg ya fitar a 1986, mai duba kowane yanki na fayil, ta sake tura duk wanda ƙarar layi ta ɓata. Rubutun da aka zuba kai tsaye cikin edita ba shi da wannan kariya, yadda ya isa haka za a liƙa shi. Abu ɗaya za ka kiyaye: a asalin tsarin QWK, taken saƙo ba ya wuce haruffa 25, don haka ka taƙaita shi. Ka kuma cire ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, domin tsofaffin alluna ba su san su ba, shirme za su nuna a gurbinsu.

Batun ranar Juma'a kuwa, manhajar jadawalin ayyuka, wato cron a Linux ko Task Scheduler a Windows, za ta tayar da aikin a kan lokaci. Ka goge REP bayan an tabbatar ya shiga, in ba haka ba sanarwa ɗaya za ta yi ta maimaituwa. Kalmar sirrinka za ta zauna a fili cikin fayil ɗin umarni, saboda haka kada ta zama wadda kake amfani da ita a banki ko imel. Sannan don Allah ka nemi izinin mai allon tukuna. Kwamfutarsa ce, wutarsa ce, layinsa ne, kuma a kyauta yake buɗe wa mutane ƙofa.

Tambaya: A unguwarmu babu wayar girke. Zan iya haɗa modem da wayar salula?

Amsa: Kada ka ɓata kuɗinka. Layin GSM yana matse sauti ne ta yadda zai dace da muryar mutum, wannan matsewar kuma tana lalata kukan modem. Kiran murya ta intanet ma yakan ba da irin wannan matsala. Abin farin ciki, mafi yawan allunan da suka rage a yau ta intanet ake shigarsu, da telnet ko SSH, hanyoyin shiga wata kwamfuta daga nesa. Sauke SyncTERM, manhajar shiga irin waɗannan alluna, ka shiga da ita. Yawancin bayanin da na yi a sama yana nan daram, sai dai adireshi ne ya maye gurbin lambar waya, kuma babu batun umarnin modem irin su ATDT.

Tambaya: Ni allon nawa ne, na girka Synchronet, manhajar gudanar da BBS. Sai na kira kaina kafin saƙo ya shiga?

Amsa: A'a, ranka ya daɗe, kai da ke cikin gida ba ka buƙatar ƙwanƙwasa ƙofa. Synchronet na zuwa da smbutil, wadda ke ɗaukar fayil ɗin rubutu ta sa shi kai tsaye a ma'ajiyar saƙonni, Mystic kuma, wata manhajar BBS ɗin, na da mutil mai irin wannan aiki. Haɗa ta da jadawalin ayyuka na cikin manhajar, ka gama.

Sai dai ka lura da zauren da za ka zuba saƙon. Idan yana haɗe da FidoNet, hanyar da Tom Jennings ya kafa a 1984 don alluna su riƙa musayar saƙo a tsakaninsu cikin dare lokacin da kira ke da araha, to abin da ka liƙa ba a allonka zai tsaya ba, zai bazu zuwa duk allon da ke ɗauke da wannan zaure, har a wasu ƙasashe. Ka buɗe zauren gwaji wanda ba ya fita waje, ka bar jadawalin ya yi aiki a can na 'yan makonni, kana duba sakamakon da idonka, kafin ka karkata shi zuwa zauren jama'a.