Amsa ga 'yar uwar da mai gidanta ke farkawa da ciwon ƙirji kafin asuba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce wajen ƙarfe uku na dare mai gidanki kan farka ƙirjinsa a ɗaure, gumi na keto masa, bayan minti goma ya sake shi, da rana kuma garau yake, har gwajin bugun zuciya na ECG an yi aka ce ba komai. Wallahi kamar labarina kike bayarwa.

Nawa a hunturu ya fi tsananta. Sai in tashi zaune a bakin gado na dafe ƙirji, ciwon na sauka har hannun hagu da muƙamuƙi, kafin ladanin unguwarmu a Tudun Wada ya yi kiran farko ya lafa. Maganin olsa na sha har na gaji, wasu suka ce dannau ne. Uwargida ce ta matsa muka je asibitin koyarwa na Shika. Likitan zuciya ya maƙala min wata 'yar na'ura a ƙirji, na yi awa 24 da ita, ita ta kama ciwon yana cikin yi.

Ya ce jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini ne ke tsukewa da kansu, kamar yadda tsokar ƙafa ke ɗaurewa, ko da babu kitsen da ya toshe su. Da sun saki, sai jini ya ci gaba da gudu, shi ya sa gwajin rana ke fita ƙalau. Ana kiransa ciwon Prinzmetal, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1959.

Tambayar likitana ta farko: kana shan taba? Ina sha a lokacin. Ita ce babbar mai tayar da shi, sai sanyi da damuwa. Na bari, ya ɗora ni kan amlodipine kullum, da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso. A zaune ake sa ta, don tana kawo jiri da ciwon kai.

Don Allah kada ku sayi magani a kemis bisa maganata. Akwai maganin hawan jini irin su propranolol da ke ƙara tsuke jijiyar, har wasu magungunan mura ma. Ki riƙa rubuta lokacin da ya fara da tsawon mintunan da ya ɗauka, ku kai wa likitan zuciya. In kuwa ciwon ya ƙi sakinsa, ko ya suma, kada ku jira gari ya waye, ku nemi mota a daren. Allah Ya ba shi lafiya.