Rana na ƙwallewa, amma inbata ta mutu da an ɗauke wuta

Tambaya: Na sa faifan sola a rufin shagona tare da inbata mai haɗe da wutar nefa, babu batir. Da zarar an ɗauke wuta sai ita ma ta mutu, ko da tsakar rana ne. Jabu aka sayar mini? Daga wani tela a Zariya.

Amsa: Malam, ba jabu ba ce, haka aka ƙera ta da gangan. Faifan sola wuta mai gudu hanya ɗaya yake bayarwa, irin ta batir. Wutar layi kuwa kai da komo take yi sau 50 a kowace daƙiƙa, a kan ƙarfin bolt 230. Aikin inbatar shi ne ta mayar da ta farkon irin ta biyun, amma ba ita ke tsara wannan kai da komon ba. Tana sauraron layi ne tana bin sawunsa daidai. 'Yar amshi ce, idan mawaƙi ya yi shiru ita ma sai ta yi shiru.

Akwai dalili mafi nauyi. Da za ta ci gaba da tura wuta bayan an kashe layi, wutar za ta bi waya ta fita waje, ta sami ma'aikacin da ya hau fal yana gyara, shi kuwa ya sakankance babu komai a layin. Shi ya sa ƙa'idar IEEE 1547, wadda injiniyoyin lantarki suka tsara kan haɗa irin waɗannan na'urori da layi, ta wajabta mata yanke kanta cikin daƙiƙa 2. Haka take yi ma idan an kawo wuta mai rauni sosai.

Irin wannan inbata ta dace da ƙasa kamar Jamus, inda wuta ba ta cika yankewa ba, kuma tun shekarar 2000 doka ta sa ana biyan mai gida kuɗin rarar da ya tura wa layi. A wurinmu, ni dai ban ga hikimar sayenta ba. Wasu mitocin kati ma ba sa bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita, sai su ci kuɗinka a kan wutar da kai ka bayar. Ka sa mai haɗa maka ya duba ko inbatar na da tsarin hana tura rara waje.

Abin da ya dace da kai shi ne inbata mai haɗa uku: sola, batir da layi. Idan wuta ta tafi, tana raba shagonka da layi ta ci gaba da ba kekunanka wuta. Faifanka na nan, inbatar za ka canza ka ƙara batir, sai dai a tabbatar ƙarfin bolt ɗin jerin faifan ya yi daidai da abin da sabuwar ke karɓa.

Kada kuma wani ya ce ka yaudari inbatarka ta yanzu da ƙaramin janareta don ta ɗauka wutar layi ce. Rarar wutar da ta rasa wurin zuwa cikinsa za ta koma, tana iya lalata shi.