Wace Takardar Shaida Ta Dace da Mai Son Aikin Magance Kutse?

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutocin wata ƙaramar ma'aikatar bada lamuni a nan Damagaram. Ina so in sami takardar shaidar ƙwarewa a fannin magance kutse. An ce mini takardar da ake kira GCIH ce gaba da kowace. In fara da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, GCIH tana da daraja, amma ba da ita zan ce ka fara ba. Hukumar GIAC ce ke bayar da ita, kwas ɗin da ke shirya mutum kuwa shi ne SEC504 na cibiyar SANS, wanda kuɗinsa ya haura dalar Amurka 8,000, sama da sefa miliyan 4. Jarrabawar awa 4 ce, tambaya 106, wasunsu sai ka taɓa na'ura da hannunka ka nemo amsar. Ana shiga da littattafai bugaggu, amma wanda bai tsara wa kansa jadawalin shafuka ba, lokaci zai ƙare yana ta buɗe-buɗe. Bayan shekara 4 sai an sabunta ta. Irin wannan, ma'aikata ce ya kamata ta biya maka.

Da aljihunka, fara da Security+ ta CompTIA, sannan CySA+, mai tambayoyi har 85 cikin minti 165, ana cin ta da maki 750 cikin 900. Akwai kuma ECIH ta EC-Council, tambaya 100 cikin awa 3. Ni dai na fi ganin amfanin takardar BTL1 (Blue Team Level 1), domin awa 24 ake ba ka kana binciken kutse a aikace, hadda ba ta fid da kowa.

A fannin magance kutse, abin da duk suke aunawa kusan ɗaya ne: shiri, gano matsala, killace ta, kawar da ita, maido da aiki, sai zaman bita. Killacewa ce ke kayar da mutane. A ce da safe kashiya ta kira ka, fayilolinta sun ƙi buɗewa, ga saƙon neman kuɗin fansa a allo. Hannu zai kai ga makunni. Kada ka kashe! Zare wayar intanet ka bar ta a kunne, domin shaidar da ke cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, tana gushewa da zarar wuta ta ɗauke. Kwafi RAM tukuna, sannan faifai, ka rubuta lokaci da sunan duk wanda ya taɓa na'urar. In maganar ta kai kotu ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019, wannan rubutun ne zai tsaya maka. Kada kuma ka yi gaggawar maido da fayiloli daga kwafin da ka ajiye kafin ka toshe ƙofar da ɓarawon ya shigo, in ba haka ba gobe ma yana nan.

Don haka kafa wurin gwaji: kwamfuta mai RAM giga 16, VirtualBox (manhajar da ke kafa kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka), Windows ɗaya da Linux ɗaya a cikinta. Koyi manhajojin Wireshark (duba bayanan da ke zirga-zirga a layin sadarwa), Volatility (binciken RAM) da Autopsy (binciken faifai). Saba da kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru (Event Log) har ka gane cewa jerin lamba 4625 (an kasa shiga) da 4624 (an shiga) ta biyo baya na iya nufin an yi ta cankar kalmar sirri har an dace.

Mu da muka yi karatu da Faransanci, sai mun dage da Ingilishi, don da shi za ka zauna waɗannan jarrabawa. In daga gida za ka yi, a yawancinsu ana sa maka ido ta kyamara, kuma yankewar intanet na iya ɓata zaman. Tanadi batir ko sola da layin waya na biyu, musamman lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa, ka gwada na'urarka kwana biyu kafin ranar.