Mai rukunin gidaje ya juyo mana ruwan sama: akwai dokar da ta hana?

Tambaya

Assalamu alaikum. Gidana yana wata unguwa a ƙaramar hukumar Kumbotso, jihar Kano. Arewa da mu a da gonaki ne, da wani ɗan kwari da ruwa ke bi ya wuce ta bayan layinmu. Bara wani mai hali ya saye gonakin zai yi rukunin gidaje. Gireda ta share wurin, tifofi suka yi ta zuba jar ƙasa har filin ya fi layinmu tudu, aka cike kwarin, aka zagaye da katanga, aka bar rariya biyu suna kallon gidajenmu. A daminar da ta wuce ruwa da jan laka har tsakar gida, katangar maƙwabcina ta zube, rijiyarmu ta gurɓace. Da muka same shi sai ya ce ruwa na Allah ne, fili kuma da kuɗinsa ya saya. Shin akwai doka a kan irin wannan? Ina za mu kai kuka kafin wata daminar?

Wani magidanci daga Kumbotso

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alheri, ku da maƙwabcin naka.

Malam, doka akwai, kuma ba ɗaya ba. Dokar tsara birane, dokar muhalli, hukuncin kotu da fiƙihun Malikiyya duk sun haɗu a wuri guda: wanda ya taɓa ƙasa har ya ƙara yawan ruwan da ke fita daga filinsa, ko ya sauya masa hanya, alhakin wannan ruwa yana wuyansa har sai ya kai shi magudanar da za ta iya ɗauka. Gaskiya ne Allah ke saukar da ruwa. Amma cikon jar ƙasa, da toshe kwari, da rariyar da aka saita ƙofar gidanka, hannun mutum ne ya yi su.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne zai ba ka ƙarfin magana a kowane ofis. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana da kusan murabba'in mita 450. Idan aka yi mamako na milimita 50, irin wanda ba baƙo ba ne a Kano cikin watan Agusta, lita 22,500 ke sauka a kansa, fiye da duro 100 ke nan. A hekta guda, lita 500,000. Lokacin da wurin yake gona mai jigawa da kunya-kunya, ƙasa ce ke shanye mafi yawan wannan ruwa, abin da ya rage ya gangara a hankali. Da zarar an zuba jar ƙasa an danne ta da rola, aka ɗora kwano da daɓen siminti, kusan kashi 9 cikin 10 ne ke gudu, kuma cikin mintoci. Ruwan da ya shigo maka ba irin wanda ka saba karɓa ba ne, an ninka shi, an tara shi, an kuma harbo shi ta baki biyu. Lakar kuwa ita ce babbar shaidar filin da aka tone aka bari tsirara. Ita ke cike lambatu ta toshe kwalbati, har unguwannin da ke can ƙasa da ku su sha wahala ba su san mafarin abin ba.

Wa ke da iko a kai? A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa dokar tsara birane da yankuna, wadda ta ce ba a fara kowane irin gini ko raya fili sai da izini. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Don haka a Kano ƙofar farko ita ce hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, tare da ma'aikatar ƙasa. Mayar da gona unguwa yana buƙatar amincewarsu, yanka filaye yana buƙatar taswirar da suka sa wa hannu, kowane gini kuma yana buƙatar takardar izini. A taswirar rukunin gidaje da aka yi bisa ƙa'ida za ka ga tituna, da magudanu, da wurin da ruwan zai fita, da tazarar da aka bar wa rafi ko kwari. Hukumar na da ikon dakatar da aiki, ta sa jan fenti, ta ba da wa'adin gyara, ta rushe abin da aka gina a kan hanyar ruwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke shaidar mallaka idan mai ita ya saɓa sharuɗɗan da ke cikinta. Wannan ita ce amsar "da kuɗina na saya". Abin da ya saya haƙƙin zama ne mai sharuɗɗa.

Tambayar da za ku fara yi ke nan: yana da taswirar da aka amince da ita? In babu, awon igiya ne aka yi wa katanga mai kyau, aikin gaba ɗaya ba ya bisa doka. In akwai, to ko dai ya saɓa mata, ko kuma an amince da taswirar da ba ta kula da ruwa ba. Kowanne daga ciki abin kai ƙara ne.

Ta ɓangaren tarayya akwai dokar tantance illar ayyuka ga muhalli, ita ma ta 1992, wadda ta wajabta cikakken bincike kafin a gina rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Akwai kuma hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, da aka kafa a 2007, wadda a 2011 ta fitar da ƙa'idoji guda biyu da suka shafe ku kai tsaye, ɗaya kan harkar gine-gine, ɗaya kan zaizayar ƙasa da ambaliya. Kuna iya kai mata ƙorafi, haka ma ma'aikatar muhalli ta jiha.

A nan ne nake ganin raunin tsarinmu, kuma abin yana damuna. Hekta 50 wuri ne babba. Da yawa daga cikin gine-ginen da ke nutsar da unguwanni a Kano ba su kai ko kusa da haka ba, wasu ma fuloti ne ɗaya-ɗaya da kowa ya malale tsakar gidansa da siminti ya turo ruwan titi. A Amurka duk wanda zai tone ƙasar da ta kai eka 1 sai ya karɓi izini na musamman kan ruwan sama, da rubutaccen tsarin yadda zai hana laka fita daga filin. Birnin Washington ya ƙara da nasa sharaɗin tun 2013: babban gini sai ya iya riƙe ruwan inci 1.2 na farko a cikin harabarsa. Garuruwa da yawa a can ƙa'idarsu ita ce kada ƙarfin ruwan da ke fita bayan gini ya wuce na kafin gini. Irin wannan adadi da ake iya aunawa shi ya kamata masu ba da izini a wurinmu su riƙa rubutawa ɓaro-ɓaro a kowace takarda. Abin takaicin shi ne Kano ta daɗe da sanin wannan hikima. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini a cikin birni su ne ke tare ruwan damina su sake shi sannu a hankali kafin ya kai kogin Jakara. An cike da yawansu an yi gini a kai, ruwan kuma bai fasa zuwa ba. Abuja ma ta ɗanɗana: a watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i.

Sai maganar kotu. Dokar da muka gada daga Ingila ta yarda cewa na gangare dole ya karɓi ruwan da ke gangaro masa bisa ɗabi'ar ƙasa. Wannan ka riƙe shi, don kada ku nemi abin da ba za ku samu ba: ba za a ce ɗigon ruwa ba zai zo ta wajenku ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne na tudu ya tara ruwa ya juyo shi, ko ya toshe masa tsohuwar hanya. Hujjar "ruwan Allah ne" ma an taɓa kawo ta gaban alƙalai. A garin Greenock na Sikotilan, hukumar gari ta yi gini a cikin wani rafi ta sauya masa hanya, aka yi ruwan da ba a saba gani ba, ya yi ɓarna. Hukumar ta ce ƙaddara ce daga sama. A 1917 kotun ƙolin Birtaniya ta ƙi karɓa, ta ce duk wanda ya taɓa hanyar rafi dole abin da ya gina a madadinta ya iya ɗaukar ruwan, ko da mai yawan gaske ne. A gida Najeriya, a shari'ar Umudje da kamfanin Shell-BP ta 1975, Kotun Ƙoli ta kama kamfanin da sakaci saboda ya shimfiɗa hanya a kan mashigar ruwa ba tare da isassun kwalbatoci ba. Kotu na iya ba da umarnin dakatar da aiki tun kafin a gama shari'a, ta tilasta buɗe hanyar ruwa, ta sa a biya diyyar katanga da rijiya.

In mutumin mai jin maganar malamai ne, fiƙihu ya fi kowa saurin isa zuciyarsa. Hadisin "babu cuta, babu cutarwa" yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma a kansa malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Sun san haƙƙin magudana: hanyar da ruwa ya daɗe yana bi ana barin ta yadda take, ba mai toshe ta, ba kuma mai ƙirƙiro sabuwa ya zuba wa maƙwabci sai da yardarsa. Wani magini ɗan Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fanni, har da hukuncin indararo da ruwan rufi. Abin da iyayenmu ke yi ne ba tare da takarda ba: ba ka saita indararonka cikin gidan wani.

Da za ka tambaye ni me ya kamata a gani a filin nan, zan ce magudana ake fara tonawa kafin a sauke tifar ciko ta farko. Kwarin da aka cike a buɗe shi, ko a gina masa lambatu da kwalbatin da injiniya ya auna da girman duk ƙasar da ke zubo masa ruwa, har da gonakin da ke bayan katangar. A kusurwar da ta fi gangare a haƙa tafki na wucin gadi inda ruwa zai tsaya laka ta kwanta kafin ya fita. Bakin mafitar a jera masa duwatsu da siminti don kada ya ci ƙasa. Tulin yashi da jar ƙasa a tare su da buhunan ƙasa, gefen ciko a dasa masa ciyawa, a daina share fili gaba ɗaya alhali kashi ɗaya za a gina bana. In an gama gini, kowane gida ya bar wani ɓangare na tsakar gida ba daɓe, ya tara ruwan rufi a tanki ko ya zuba shi a ramin tsakuwa mai nisan aƙalla mita 5 daga harsashin gini. Kada a haɗa ruwan sama da sokawen bayan gida, yana cika ya tumbatsa ya shiga rijiyoyi. 

Ku kuma aikinku yanzu ne, da rani. Ku tattara hotuna da bidiyon da aka ɗauka lokacin ruwan, ku ɗauki hoton alamar da ruwa ya bari a bango da tef ɗin awo a jikinta, ku ajiye rasiɗin duk gyaran da kuka yi. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana nuna hotunan shekarun baya, a nan za ku fitar da hoton kwarin kafin a cike shi. Wannan hoto, da shaidar dattawan da suka noma wurin, sun fi doguwar magana. In da hali ku yi karo-karo ku ɗauko injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya auna tudu da gangaren wurin ya rubuta rahoto.

Daga nan ku bi ta kan mai unguwa da dagaci a zauna da shi, a ba shi dama ya gyara. Duk abin da aka amince a rubuta: wane aiki, wa zai biya, zuwa wace rana, a sa hannu gaban shaidu. A lokaci guda, ba sai sulhu ya ci tura ba, ku rubuta takardar koke da sunan mutanen layin gaba ɗaya zuwa ga shugaban KNUPDA, kwafi ga ma'aikatar muhalli da ofishin NESREA da shugaban ƙaramar hukuma. Ku nemi abu uku a fili: a zo a duba, a tabbatar ko akwai taswirar da aka amince da ita, a dakatar da aiki har a samar wa ruwa hanya. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In aka yi shiru, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jihar Kano, akwai kuma zauren sasanci na Babbar Kotun jiha, wanda ya fi shari'a sauri da sauƙin kuɗi. Lauya zai faɗa muku kotun da ta dace idan abin ya kai can.

Abu biyu nake roƙon ku guje wa. Kada matasa su fasa katangarsa ko su toshe rariyoyin da dare, domin nan take ku da aka zalunta za ku koma waɗanda ake tuhuma da ɓarna, kuma katangar da ruwa ya taru a bayanta kanku za ta faɗo. Kada kuma kowa ya ɗaga dakalinsa ya tura wa na ƙasa da shi, don abin da kuke kuka a kai ke nan za ku aikata. Kafin a warware, ku haɗu ku yashe lambatun layin tun daga sama har mafita, ku tanadi buhunan yashi, ku ɗaga bakin rijiyar ku yi mata murfi. A kwashe ruwan cikinta a zuba sinadarin kilorin, kuma kada a sha sai an tafasa.