Zauren Masu Babur: Tsohon wayarin, faci ko sabo?

Tambaya: Malam, batirin Jincheng ɗina ba ya kwana da caji. Na sayi sabo har sau biyu a bana. In ƙara kuɗi in sayi mai tsada? (Daga Funtuwa)

Amsa: Riƙe kuɗinka tukuna. Je wurin mai gyaran wayarin ya ɗora mita a kan batirin. Lafiyayyen batir da ya cika zai nuna wajen volt 12.6. A tada inji a ɗan ja totur, ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai motsa ba, matsalar rektifaya ce (na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir) ko kwayil ɗin cikin inji mai samar da wutar. In ya zarce 15, rektifayar ce ke dafa maka batir, kuma ita ke ƙona maka ƙwan fitila. Ko batirin zinare ka sa, haka zai mutu.

Tambaya: Ina so in sa wa Boxer ɗina fitilu masu launi takwas, hon na tirela da sifika. Wace waya ta fi? (Daga Gusau)

Amsa: Babur ne ko gidan biki? Wutar da injin ke samarwa daidai fitila, sigina da hon ɗinsa aka auna ta. Sayi taya da kuɗin.

Tambaya: Mahaifina ya rasu ya bar mini Honda CG125, da shi nake kai ƙannena makaranta. Fis yana yawan ƙonewa, sai bakanike ya naɗa masa waya. Yanzu ina jin ƙauri daga ƙarƙashin tanki. Ba na son in rasa shi. (Daga Zariya)

Amsa: Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya yi maka albarka, ɗana. Kwantar da hankalinka, CG125 ba ya tsufa da wuri, kuma wayarinsa ba shi da yawa. Amma yau ɗin nan, kafin ka sake buga kik, kwance wayar batir ka cire abin da aka naɗa. Fis yana ƙonewa ne don kada babur ya ƙone. Wanda ya maye gurbinsa da waya ko takardar kwalin sigari ya bar wuta tana gasa roba dab da tiyon fetur. Mayar da fis mai lambar da ke kan tsohon, galibi 10 ko 15, kada a ƙara.

Sannan a sauke tanki, a buɗe fitilar gaba. Duba wuyan babur, inda damin wayoyin ke lanƙwasa duk lokacin da ka juya kai. Yawanci nan roba ke gogewa waya ta taɓa ƙarfe. In wuri ɗaya ne, a yanke, a haɗa da dalma, a rufe. In robar ta bushe tana farfashewa a hannu, a sake wayarin gaba ɗaya.

To, a nan ne raina ke ɓaci. Kasuwa ta cika da wayar jabu: alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Fere bakinta ka kankare silin da wuƙa, in cikin ya fito fari, ajiye musu kayansu. Ko ka kara mata ashana: ta gaskiya za ta yi ja ta tsaya, ta jabu sai ta lanƙwashe ta zube. Ɗaga ta ma za ka ji ba nauyi, roba ce mai kauri da ɗan silin da bai taka kara ya karya ba. Tana zafi, tana karyewa da girgizar hanya, ba ta kama dalma yadda ya kamata. Mutum zai sha fetur na dubbai a mako, amma a kan waya sai ya tsaya ciniki har a miƙo masa ta banza. Araha ba ta ado. Su kuma masu murɗa waya biyu da haƙori su naɗe da leda, damina ɗaya ke tona musu asiri.

Ka tsaya a kan mai gyaran, kada ka bar masa babur ka tafi. A Honda, da yawancin na Sin da suka kwaikwaye ta, koriyar waya ce ke zuwa jikin ƙarfe, ja daga batir take, baƙa kuma ba ta da wuta sai an murɗa makulli. Suzuki da Yamaha ba haka launinsu yake ba, don haka kada a haɗa maka da ka. Ɗauki hoton kowane soket da wayarka kafin a cire, kuma a goge tsatsar inda koriyar ke ɗaure har ƙarfe ya yi ƙyalli.